Shekarar da Muka Zama Barebari

Bana ma ga shi ruwa ya yi mana rowa. Tun da bazara ta kama nake fitar da tabarmata ƙofar gida nan unguwar Pumpumre a Garwa ina duban gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin har kaji su shige akurki, sai iska ta zo ta watsa shi kamar ba a yi ba. To shekaranjiya ina zaune sai ga kamiyo, babbar motar kayan nan, ta tsaya bakin masallaci shaƙe da buhunan shinkafa, ga samarin ƙungiyar taimako ta unguwarmu da riguna iri ɗaya. Ɗayansu ya kafa lasifika a baki yana ta kwarara kira da Faransanci da Fillanci da Hausa, wai duk mai bukata ya fito. Allah ya yi musu albarka, yaran kirki ne, da guminsu suka tara. Amma ni dariya ce ta kama ni har na ƙware.

Jikata Hajara ta ce, "Kaka, lafiya? Mutane na aikin lada kina dariya?"

Na ce ke dai samu wuri ki zauna. Ba su nake wa dariya ba, kaina nake wa. Mu ma mun taɓa yin irin wannan kiran, mu da kalangu ma muka yi namu.

Zamanin Jamus ne, shekarar da ta gabaci yaƙin da ya kore su daga Garwa. Ina da ƙuruciyata, haihuwata ɗaya, ana kirana Mairo, ba wannan Kakan da kuka laƙaba min ba. Mijina falke ne, shi da jakunansa kullum suna hanyar garuruwan Gidar da Marwa. Mu matan fatake ba a yi mana kulle, in an kulle mu wa zai ɗebo ruwa? A unguwar Hausawa muna da ƙungiyarmu ta mata, ana ce mana 'Yan Tukunya Ɗaya. Ba wanda ya naɗa mu, ba wanda ke biyanmu. In an yi haihuwa mu ne ɗibar ruwa da kawo itacen wankan jego. In an yi rasuwa mu ne daka da girki har a share makoki. In gobara ta ci ɗakin wani, mu yanko ciyawa, maza su ɗaura jinka. Shugabarmu Iya Gambo, doguwar mace mai murya, in ta ƙwala kira daga bakin rijiya sai an ji a bakin kogi.

Daminar da ta gabaci shekarar nan ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba. Masakwa, dawar ranin nan da ake dasawa a fadama, ita ma ƙasa ta tsattsage ta bar ta tsaye a bushe. Kogin Binuwai ya janye ya bar rairayi fari fat, yara na tsallakawa ruwa bai kai musu gwiwa ba. Zafin Garwa kin san shi, amma na wannan bazarar daban ne. Da hantsi in kika taka ƙasa ba takalmi sai tafin ƙafarki ya yi bororo, ruwan randa kuwa kamar an sauke shi daga murhu. Tuwon dare da na rana ya koma na dare kaɗai, daga nan ya koma fate-fate, daga nan ya koma kunun da kike ganin fuskarki a ciki. Muka ci tafasa, muka ci yaɗiya, muka gwagwiyi goruba har haƙora suka yi tsami, muka shiga taɓo muna tonon bado. Su Jamus suna can barikinsu a kan tudu, sojojinsu da dawakinsu su ma ci suke so, harajin hatsi kuwa bai san an yi fari ba.

Wata Juma'a Iya Gambo ta tara mu gindin tsamiyar unguwa ta ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga yau duk macen da za ta ɗora tukunya, ta ciri cikin tafi ɗaya ta ajiye wa ƙungiya. Attajiran unguwa kuwa ku bar ni da su."

Kai, matar nan! Ta bi zaurukan attajirai ɗaya bayan ɗaya, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce ba ta tashi sai an buɗe rumbu. Wani don Allah ya bayar, wani don ta tashi ta ba shi wuri. Mazanmu da suka dawo daga kudu suka sauke mana dawa da busasshen rogo. Kafin mako ya zagayo mun jera turame gindin tsamiya, mun fito da manyan tukwanen biki. Wayyo daɗi! Ki ga mata suna lugude, taɓarya na tashi sama ana tafi ana cafewa, ciki na kuka baki na waƙa. Yunwa muke ji, amma wallahi ban taɓa jin ƙarfi a jikina irin na kwanakin nan ba.

Sai Iya Gambo ta kira Ɗan Ladi mai kalangu ta ce ya zaga gari ya sanar, duk mai jin yunwa ya zo gindin tsamiya da ƙwaryarsa. Aka kuwa zo. Hausawa suka zo, masunta suka zo, 'yan dako suka zo, mutanen duwatsu da yunwa ta koro cikin gari suka zo da 'ya'yansu a kafaɗa. Muka yi ta zuba kunu har hannu ya gaji. Da yamma muna wanke tukwane sai wata ta ce, "Ni kam kun ga Bafillace ko ɗaya?" Muka dubi juna. Ko ɗaya! Alhali kowa ya san su abin ya fi duka, shanunsu na ta faɗuwa a bayan gari, masu tallan nono sun daina shigowa kasuwa.

Iya Gambo ta ce, "Ai laifin Ɗan Ladi ne, da Hausa ya yi kiran. Gobe ya koma ya yi da Fillanci."

Ya koma ya yi da Fillanci. Ya dawo yana share gumi ya ce, "Iya, yau kam ina hango ana jan asabari ana rufe ƙofa."

Muka ce to, ko nisa ne ya yi musu yawa, mu kai musu har gida. Muka ɗauki ƙwarya-ƙwarya muka bazu. Duk gidan da kika shiga a shimfiɗa miki tabarma, a gaishe ki gaisuwa mai tsawo, jam, jam, lafiya lau, komai lafiya. Kina tura ƙwarya sai a yi murmushi a ce, "Useko, mi haari." Wato an gode, na ƙoshi. Mu kuma da shirmenmu muka yarda! Ai Bahaushe in ya ce ya ƙoshi, to dubi tumbinsa za ki ga shaida. Muka dawo da kununmu muna gunaguni, wai ashe mutanen nan suna da abin da suka ɓoye. Iya Gambo har fushi ta yi, ta ce wanda ya ƙoshi Allah ya ƙara masa.

Akwai wata Bafillatana, Adda Asta, ita ke kawo min nono tun ina amarya. Gidanta na bayan unguwarmu, kan hanyar rijiya. Mijinta ya kora ragowar shanunsu wajen duwatsun Mayo Ulo neman ciyawa, shiru bai dawo ba. 'Yarta Dudu ta zo goyon ciki, ta haifi 'ya mace ana tsakar wannan masifa. Mu 'Yan Tukunya Ɗaya muke kai ruwa da itacen wanka, wannan kam tana karɓa, tunda ruwa da itace ba abinci ba ne. Amma da an kawo kunu, mi haari. Kuma kullum da la'asar muna jin daka daga gidanta, sai muka ce ai lafiya.

Ran nan na taso daga rijiya da tulu a ka, na zo daidai zananta, sai kunnena ya ƙi yarda da dakan nan. Ke ma kin sani, turmi mai hatsi a tausashe yake amsawa. Wannan kuwa ƙwal, ƙwal, ƙwal, itace na dukan itace. Na sauke tulu na kafa ido a ɓular zana. Innalillahi! Adda Asta ce tsaye tana dakan turmi wayam, ko ƙwayar dawa babu, don dai maƙwabta su ji. Ga Dudu kwance a inuwar ɗaki, jaririya na kama nono tana saki, tana buɗe baki tana kuka amma sauti ba ya fita.

Washegari wajen wanka na duba da kyau. Nonon Dudu ya zama fata, maɗigar jaririya ta faɗa ciki. Na ja Adda Asta gefe na riƙe hannunta na ce, "Adda, don Allah don Annabi. Ba don ke ba, don yarinyar nan. In Dudu ba ta ci ba nono ba zai zo ba, in nono bai zo ba kin san abin da zai biyo."

Ta dube ni, leɓenta duk ya tsage, ta yi murmushi ta ce, "Mairo, Allah ya saka miki. Mun ci mun ƙoshi. Ki kai wa mabukata."

Haushi kamar in shaƙe ta! Na fito ina kuka wiwi har gindin tsamiya, na zube gaban mata na faɗa musu abin da na gani. Iya Gambo ta dafe kai.

Sai muka ji dariya daga bayan tukwane. Ya Falmata ce, wata tsohuwar Babarbariya mai sayar da kanwa da turaren wuta, wadda ke taya mu tankaɗe. Hausarta ta Barebari ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, amma ni zan faɗa miki daidai. A kasuwa wurin zamanta na jikin na Adda Asta, shekara da shekaru. Kin san Fulani da Barebari abokan wasa ne, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. To waɗannan biyun sun kai abin ƙarshe. Tun safe Asta za ta ce, "Baiwata, kin share min wuri?" Falmata ta ce, "Ji 'yar baiwa, kakana ne ya sayi kakarki da jar kanwa." Mutane har barin ciniki suke su tsaya sauraro. Kuma duk tsawon shekarun nan ba wadda ta taɓa sakar wa ɗaya, ko da wasa.

Ya Falmata ta ce, "Ku Hausawa kun iya girki, ba ku iya bayarwa ba. Da kalangu! Kun taɓa ganin Bafillatana ta miƙa hannu ta karɓi sadaka ana kallo? Ta gwammace a fitar da gawarta."

Iya Gambo ta ce, "To ke da kika san su, yaya za a yi? Mu zuba ido yarinya ta mutu?"

Ya Falmata ta daina dariya. Ta daɗe tana juya tabar da ke bakinta, ta tofar, ta ce, "A dama min kunun kanwa mai kauri, irin na maijego. A zuba a ƙwaryar da ta fi kowace kyau, a rufe da sabon faifai."

Aka dama. Muna kallo ta tuɓe takalmanta, ta cire mayafi ta ajiye, ta ɗaura zane a ƙirji, ta ɗora ƙwarya a ka. Tsohuwa mai jikoki, a wannan ranar mai ƙuna, ƙafa ba takalmi! Ta kama hanya, mu kuma muka bi ta a baya sululu muka laɓe jikin zana.

Dakan ƙaryar nan na tashi lokacin da ta shiga. Ta durƙusa tsakar gida gwiwa biyu ta ce, "Allah ya ja zamanin uwargijiyata. Baiwarki ce Falmata, ta kawo gaisuwa."

Taɓarya ta tsaya. Na matsa ido a ɓula. Adda Asta ta dubi ƙwarya, ta dubi Falmata, ta dubi ɗakin da Dudu ke kwance. Ta gane sarai, ai ba yarinya ba ce. Can ta ce, "Me kika ce? Kunnena ya tsufa."

"Kin ji mana, mayya."

"Ban ji ba. Ƙara faɗa da ƙarfi, maƙwabta su shaida."

Ya Falmata ta cije baki. Sai ta ɗaga murya yadda duk unguwar za ta ji: "Ni Falmata 'yar Barno, baiwar Asta ce! Uwata baiwar uwarta ce! Ga harajina na kawo, a yi haƙuri a karɓa!"

Adda Asta ta jingine taɓarya ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Yau shekara nawa ina faɗa miki kina musu? Kuma sai yanzu kika ga damar kawowa? Ajiye nan mu gani ko yana shawuwa." Ta buɗe faifai ta ɗibi ludayi ɗaya ta kai baki. Ta ce, "Kanwa ta yi yawa. Girkin bayi ke nan. Dudu, taso ki sha, kada a ce mun wulaƙanta baiwa."

Dudu ta rarrafo ta kafa kai. Ina jin ƙarar haɗiyarta daga inda nake. Adda Asta ta juya baya wai tana gyara turmi, ni kuwa ina ganin hawaye na bin haɓarta.

Mu da ke bayan zana kowa ta cusa bakin zane a baki don kada guɗa ta kuɓuce. Muka kwasa da gudu, manyan mata da mu, sai da muka kai bakin rijiya Iya Gambo ta rangaɗa wata guɗa da ta tashi tsuntsaye daga kan bishiya. Muka rungume juna muna tsalle, wata ta fasa tulunta ba ta ma sani ba.

In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Washegari muka bazu neman Barebari. Duk wata Babarbariya da ke Garwa, mai kanwa ce ko matar malami, sai da Iya Gambo ta zaƙulo ta. Muka haɗa da matan maƙera, tunda su ma abokan wasan Fulani ne. Amma gidaje da yawa, bayi kaɗan. Sai Iya Gambo ta dafa ƙirji ta ce, "Af! Ni fa yanzu na tuna, kakata ta wajen uwa daga Barno aka kawo ta." Wata ta ce ita ma haka. Kafin azahar babu macen da ba ta tono kaka a Barno ba. Muka samo gawayi muka zana tsagen Barebari a kumatu. Kalmarsu ɗaya muka iya, wushe, wato sannu, ita muke ta maimaitawa a ƙofar gidajen mutane. Kafin ki isa gumi ya wanke tsagen, fuska ta yi dabbare-dabbare.

Gidan farko da na shiga, matar gidan ta san ni tun ina yarinya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke Mairo, yaushe kika zama Babarbariya?"

Na ce, "Tun jiya, ranki ya daɗe."

Ta danne dariya ta ce, "To shigo, baiwa. Me kika kawo wa iyayen gijinki?"

Haka ƙofofi suka yi ta buɗewa. Ba gidan da aka ce mana an gode. Wannan ta ce ya yi ruwa, waccan ta ce ya yi gudaji, wata ta ce in gobe muka makara za ta sayar da mu. Zagi muke sha mu dawo muna ba juna labari muna faɗuwa don dariya. Ƙorai kuwa a wanke tas suke dawowa.

Ya Falmata ce ta ɗauki nauyin abin. Ta shiga kasuwa yara na binta da "baiwar Asta." 'Yan'uwanta Barebari maza suka same ta suka ce ta zubar musu da girma, ta sayar da Barno a kan ƙwaryar kunu. Abin ya ci mata rai, na ga idonta ya yi ja. Amma ta ce musu, "Ku bari jaririyar ta yi ƙwari tukuna, zan janye maganata." Kullum kuma sai ta tuɓe takalmi ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Sai dai fa nono bai dawo ba. Dudu na shan kunu, idonta ya fara washewa, amma jaririya na nan jiya i yau, sai ɗan ruwan dabino da muke ɗiga mata a baki. Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, da rana tsaka, da iska da tsawa. Ƙamshin ƙasa ya tashi, muka bar tukwane a buɗe muka shiga ruwa muna rawa, tsofaffi da yara, har masu jiran kunu suka ajiye ƙorai suka shigo. Amma ruwan sama ba tuwo ba ne, sai an shuka an jira. Da muka koma gindin tsamiya jiƙe sharkaf, Ya Falmata ta jawo ni ta ce a hankali, "Kin je wanka yau? Yaya maɗigar?" Ita ba ta iya tambayar Asta, tsakaninsu sai zagi. Na girgiza kai. Ta saki hannuna ta koma kan tankaɗenta, ranar ko tabarta ba ta ci ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, muna tsakar daka sai wata ta ce, "Ku dubi mai zuwa." Adda Asta ce. Matar da ko inuwar tsamiyar nan ba ta taɓa takawa ba, ga ta tana tahowa da sauri, ko mayafi ba ta tsaya yafawa da kyau ba. Taɓare suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, ta zo kiranmu wankan gawa.

Ta ratsa masu jiran kunu ba ta dubi kowa ba, ta tsaya a kan Ya Falmata ta ce, "Ke baiwa! Tashi ki ga ɓarnar da kununki ya jawo min."

Ta juya baya. A kafaɗar baƙin zanenta ga wani farin abu ya zubo, ya gangara har gadon baya, ko bushewa bai yi ba. Tumbuɗi! Jaririya ta sha nono ta ƙoshi har ta dawo da saura.

Wayyo Allah, guɗar da aka yi ran nan! Iya Gambo ta jefar da muciya, masu layi suka ɗauka ba su ma san abin da ya faru ba. Ya Falmata ta miƙe da ƙyar, ta kamo zanen ta kai hanci ta shinshina, ta sake shinshinawa. Sai ta sulale ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Da ta samu numfashi ta ce, "Ƙazamar Bafillatana kawai. A haka kika ratso gari? Tafi ki wanke!"

Adda Asta ta sunkuya ta kama hannunta ta ɗaga ta, ita ma fuskarta sharkaf. Ta ce, "Ba zan wanke ba. Sa takalmanki ki raka ni, matan maƙera ba su gani ba tukuna."